Kiran Neman Bashi da Lambar Bogi a Saudiyya: Yadda Ake Tantancewa da Yadda Ake Amsawa

Kusan duk Bahaushen da ya daɗe a Makka, Jidda ko Madina yana riƙe da layin waya ya taɓa samun kiran da ake ce masa ana bin sa bashi, ko kuma ya san wanda aka yi wa haka. Wani lokaci bashin na gaskiya ne, na banki ko na kamfanin waya ko na kayan da aka saya ana biya kaɗan-kaɗan. Wani lokaci na wanda ya riƙe layin kafin kai ne. Wani lokaci kuwa babu bashin ko na sisin kwabo, ɗan damfara ne ya ari sunan banki yana laluben wanda zai tsorata. Abin da ya sa lamarin ya yi wuya shi ne dukkan ukun suna iya bayyana a fuskar waya da kama ɗaya. Sai dai a ƙasar nan bashi na gaskiya yana barin sawu a rubuce, a wuraren da kai da kanka za ka iya shiga ka duba, don haka bai kamata ka yanke hukunci a kan muryar mai kira ko a kan sunan da ya fito a wayarka ba.

Ya kamata a fara fahimtar dalilin da ya sa lambar da ke fitowa ba hujja ba ce. Idan kira ya taso ta hanyar intanet, na'urar mai kiran ce take cike gurbin lambar da za a nuna wa wanda ake kira, kuma akwai manhajojin da ke ba mutum damar rubuta duk lambar da ya ga dama a wannan gurbi. Ta haka wanda ke zaune a wata ƙasa zai iya sa wayarka ta nuna lamba mai farawa da 011 kamar daga Riyad, ko 012 kamar daga Jidda ko Makka, ko ma 9200 da 800 irin waɗanda bankuna da manyan kamfanoni ke amfani da su. Hukumar sadarwa ta ƙasar, wadda ake taƙaita sunanta da CST, ta fara aiki da tsarin nuna sunan kamfani ko ma'aikatar da ke kira tun ranar 1 ga Oktoba, 2023, kuma tsarin ya taimaka ƙwarai, amma bai shafi kiran WhatsApp ba, inda kowa zai iya ɗora tambarin banki a matsayin hotonsa ya rubuta sunan bankin a ƙasa. Haka kuma sunayen da manhajoji irin su Truecaller ke nunawa, akasarinsu daga abin da jama'a suka rubuta ake tattaro su, ba hukuma ce ta tantance su ba. Mutane da yawa suna ganin sunan banki a irin wannan manhaja sai hankalinsu ya kwanta, alhali nan ne ya kamata su ƙara sa ido.

Minti na farko na kiran

Idan ka ɗaga waya aka fara maganar bashi, aikinka a wannan lokaci tambaya ne, ba amsa ba. Ka nemi mai kiran ya faɗi cikakken sunansa, da sunan bankin ko kamfanin da ke bin bashin, da sunan kamfanin karɓar bashi idan wakilta shi aka yi, da lambar yarjejeniyar, da adadin kuɗin. Ka rubuta duk abin da ya faɗa tare da rana da lokaci. Idan ya ce sai ka fara tabbatar masa da lambar igamarka, wato katin izinin zamanka, ko ranar haihuwarka, ka ce masa shi ne ya kira, kuma za ka tuntuɓi bankin da kanka. Kada ka amsa cewa bashin naka ne, kada ka yi alkawarin ranar biya, kada kuma ka tsaya jayayya. Jimla ɗaya ta isa: “Na ji bayaninka, ku aiko mini da shi a rubuce, zan bincika.” Idan Larabcinka bai nuna ba, babu abin kunya a ce a dakata sai ɗanka ko maƙwabcinka ya zo, domin ma'aikacin gaskiya ba ya asarar komai idan ka jinkirta zuwa gobe, ɗan damfara ne kaɗai gobe ba ta yi masa daɗi.

Akwai abubuwan da da zarar an neme su, magana ta ƙare. Babu bankin da ke tambayar lambar sirrin katin mada, wato katin cire kuɗi na banki, ko lambobi ukun da ke bayan kati, ko lambar tabbatarwa da ke shigowa ta saƙon tes, ko kalmar shiga Absher, dandalin hidimomin gwamnati. Wani salon damfara da ke cin mutane a 'yan shekarun nan shi ne na Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, kuma yana da kyau a kalle shi da kyau. A ce wani dattijo ne a Misfala yana zaune bayan la'asar, waya ta yi ƙara, mai kira ya gaishe shi da ladabi, ya kira cikakken sunansa, ya ce akwai bashin da aka rubuta a kansa bisa kuskure, kuma za a goge shi yanzu idan ya taimaka aka tabbatar da shi ne mai igamar. Sai ya ce, “Ya Hajji, buɗe Nafath, za ka ga buƙata ta shigo, ka zaɓi lamba kaza.” Dattijo ya buɗe, ga buƙatar kuwa, ga lambobi a jere, ɗaya daga ciki ita ce wadda aka faɗa masa. Abin da bai gani ba shi ne a daidai wannan lokaci ɗan damfarar ne ke ƙoƙarin shiga wani shafi da lambar igamarsa, kuma lambar da ya karanto masa ita ce shafin ya nuna wa ɗan damfarar. Idan ya danna ta, ya nuna fuskarsa ga kyamara, to ya sa hannu ke nan a buɗe asusu ko a karɓi rance ko a fitar da layin waya da sunansa. A irin wannan hali ne ake son ɗan'uwa na kusa ya ce, “Kawu, kada ka taɓa komai, ba kai ka nemi shiga ba, ka danna ƙin amincewa.” Ƙa'idar ita ce duk buƙatar Nafath da ba kai ka tayar da ita da hannunka ba, ka ƙi ta, ko da wa ke magana a waya.

Sauran alamomin ba su buƙatar dogon bayani: barazanar cewa 'yan sanda ko Jawazat, wato hukumar shige da fice, suna hanya, cewa za a rufe asusunka cikin sa'a guda, cewa ka tura kuɗi zuwa asusun wani mutum, ko ka sayi katin waya ka karanto lambobinsa, ko ka sauke wata manhaja ta hanyar mahaɗin da aka turo maka.

Inda bashi ke barin sawu

Bayan ka kashe waya, kada ka sake kiran lambar da ta kira ka. Ka ɗauki lambar da ke bayan katinka na banki, ko ka shiga manhajar bankin, ko ka taka zuwa reshe da ƙafarka. Idan kamfanin waya aka ambata, manhajojin stc da Mobily da Zain suna nuna abin da ake bin kowane layi. Idan sayen kaya ne a biya daga baya, irin na Tabby ko Tamara, jadawalin biyan yana cikin manhajar.

Wuri na biyu shi ne SIMAH, kamfanin da ke tattara tarihin bashin mutane, wanda aka kafa a 2002 ya fara aiki a 2004 ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Saudiyya, wato SAMA. Ta manhajarsa mai suna Molim mutum zai iya fitar da rahoton da ke nuna rance da katunan bashi da sauran abubuwan da aka rubuta a kan lambar shaidarsa, kuma idan ya ga abin da bai sani ba yana da ikon shigar da ƙin yarda a bincika. Wuri na uku shi ne Najiz, shafin Ma'aikatar Shari'a. Idan da gaske an kai ka kotun zartar da hukunci, wadda aka fi sani da kotun tanfizi, buƙatar za ta bayyana a can da lambarta da sunan mai nema da adadin kuɗin. Wanda ya ce maka a waya an riga an hana ka fita ƙasar, kai kuma ka duba Najiz da Absher ba ka ga komai ba, ka san inda za ka ajiye maganarsa.

Wuri na huɗu mutanenmu sun fi mantawa da shi, alhali ya fi shafar su. Hukumar CST tana da hidimar Arqami, wadda ke nuna duk layukan wayar da aka yi wa rajista da lambar igamarka. A unguwanninmu abu ne sananne mai igama ya fitar wa ɗan'uwa ko baƙo layi da sunansa don taimako, wani lokaci har da layin da ake biya a ƙarshen wata ko wayar da ake biya kaɗan-kaɗan. Zumunci ne, amma a idon kamfani mai igamar ne mai bashin, ko da wanda ya yi amfani da layin ya koma Kano ko Damagaram shekara biyu da suka wuce. A ganina wannan al'ada ta jefa mutane cikin bashin da ba su ci ba fiye da yadda 'yan damfara suka jefa su, kuma duba Arqami lokaci-lokaci ya fi sauƙi a kan zuwa kotu.

Idan bashin ba naka ba ne

Kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, shi ya sa za ka sayi sabon layi a fara kiran ka ana tambayar wani mutum da ba ka taɓa jin sunansa ba. Faɗa wa mai kiran da baki cewa ba kai ba ne sau da yawa ba ya wadatarwa, domin gobe wani ma'aikacin ne zai ɗauko fayil ɗin. Abin da ke aiki shi ne ka shigar da ƙorafi a hukumance wurin bankin ko kamfanin da ke da bashin, ka bayyana cewa layin ya koma hannunka tun ranar kaza, ka nemi a cire lambarka daga bayanan wancan mutumin, sannan ka karɓi lambar ƙorafin ka adana ta. Idan kira bai tsaya ba, ka ɗaukaka ƙorafin zuwa SAMA idan banki ne ko kamfanin ba da rance, ko zuwa CST idan kamfanin waya ne, domin dukkansu biyun suna son ganin ka fara kai kuka wurin kamfanin kafin ka zo gare su. Toshe lambar yana rage hayaniya, amma ba ya gyara rubutun da ke cikin kwamfutarsu.

Idan kuma ana kiran ka ne saboda ƙaninka ko abokin aikinka ya ci bashi, to in ba ka sa hannu a matsayin mai tsaya masa ba, babu abin da ya hau kanka. Ba dole ba ne ka faɗi inda yake zaune ko inda yake aiki.

Idan damfara ce

Saƙon tes na yaudara ana tura shi zuwa lamba 330330, wadda aka ware domin haka. Kira ko barazana kuwa ana kai rahotonsu ta manhajar Kulluna Amn ko a ofishin 'yan sanda mafi kusa, tare da hoton fuskar wayar da ke nuna lambar da lokacin kiran. Doka ba ta ɗauki abin da wasa ba. Dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 2 ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara ko shigar burtu da sunan ƙarya, dokar yaƙi da zambar kuɗi da cin amana ta 2021 kuma ta kai hukuncin zuwa shekara 7 da riyal miliyan 5. Amma a kiyaye da abu guda: wannan doka ta 2007 ita ce kuma ta hukunta ɓata sunan mutum ta kafafen zamani, da ɗaurin da zai iya kai shekara 1 da tarar riyal 500,000. Saboda haka kada fushi ya sa ka watsa lambar wani ko muryarsa a zaurukan WhatsApp kana kiran sa ɓarawo, musamman da yake lambar da ka gani tana iya zama ta wani bawan Allah da aka ari lambarsa bai sani ba. Hukuma ake kai wa, ba zaure ba.

Masu matsalar takardun zama su ne 'yan damfara suka fi so, domin sun san da wuya irin wannan mutum ya tunkari ofishin 'yan sanda, kuma kalmar tarhil, wato korar mutum zuwa ƙasarsu, kaɗai ta isa ta sa ya tattaro abin da ya tara. Ya kamata mai irin wannan hali ya tuna cewa ba a sayen kariya daga Jawazat da katin waya, kuma wanda ya biya sau ɗaya za a sake kiran sa.

Idan bashin naka ne

A nan ne ake buƙatar natsuwa ta fuska biyu, domin kana da haƙƙi, ana kuma da haƙƙi a kanka. A 2018 SAMA ta fitar da ƙa'idojin karɓar bashi daga ɗaiɗaikun mutane, waɗanda suka hau kan bankuna da kamfanonin ba da rance da duk wanda suka wakilta. A ƙarƙashinsu dole mai kira ya gabatar da kansa da wanda yake wakilta, dole a naɗi kiran a adana shi, ba a yarda a tattauna bashinka da kowa ba sai kai ko wanda ya tsaya maka, ba a yarda a cire fiye da biyan wata ɗaya na rancen daga albashin wata guda ba sai da yardarka ko hukuncin kotu, kuma ba a yarda banki ya riƙe kuɗin sallamarka na ƙarshen aiki da ra'ayin kansa ba. Idan halinka ya canza ba da zaɓinka ba, kamar an sallame ka ko an rage maka albashi, kana da damar neman a sake tsara maka jadawalin biya. Wanda ya kira matarka ko kafilinka, wato mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar, ko mai shagon da kake aiki yana tona maka asiri ya saɓa ƙa'ida, kuma tun da su ne ke naɗar kiran, ranar da lokacin da ka rubuta sun isa a nemo shi idan ka kai ƙorafi. Wannan ma ya fi maka aminci a kan naɗar muryar mutum da kanka.

Ɗaya fuskar ita ce kashe waya ba ya kashe bashi. Yawancin rance a nan ana ɗaure shi ne da takardar alkawarin biya, wadda ake kira sanadi, kuma a yanzu da yawa ana yin ta ne ta dandalin Nafith. Irin wannan takarda mai bin bashi yana iya kai ta kotun tanfizi kai tsaye ba tare da doguwar shari'a ba. Dokar zartarwa ta 2012 ta ba mutum kwana 5 bayan an sanar da shi, idan bai biya ba kuma bai bayyana dukiyar da za ta isa ba, alƙali yana iya hana shi fita ƙasar, a kuma bi asusunsa na banki. Ga baƙo, wannan na nufin ko rasuwa aka yi a gida ba zai iya hawa jirgi ba. Sanarwar kotu kuma tana zuwa ne ta saƙo a lambar da ke rajista a Absher, kuma ana ɗaukar an sanar da kai ko ba ka karanta ba, don haka wanda ya canza layi ya gaggauta sabunta shi a can. Addini ma bai bar ɓangare ɗaya ba: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, hadisi ingantacce kuma ya kira jan ƙafar mai hali wajen biya zalunci.

Hanya mafi kyau ita ce kai ka je musu kafin su gaji da neman ka. Ka nemi cikakken lissafi a rubuce, asalin kuɗin da abin da aka ƙara. Ka faɗi abin da za ka iya biya a wata da gaske, ba abin da zai sa a sauke waya ba, domin alkawarin da aka karya ya fi rashin alkawari illa. Idan an yi maka tayin rangwame, kada ka tura ko riyal ɗaya sai an ba ka shi a takarda mai sunan bankin ko kamfanin. Biyan kuma ya bi ta SADAD, tsarin biyan kuɗi na hukuma, ko ta asusun da ke ɗauke da sunan mai bashin, ba na wani ma'aikaci ba. Bayan ka gama ka karɓi takardar shaidar kammala biya, wadda ake kira mukhalasa, sannan bayan ɗan lokaci ka sake duba Molim ka tabbatar an gyara rahotonka, idan kuma akwai buƙata a Najiz ka tabbatar an rufe ta.

Akwai wani nau'in kiran da ke tasowa daga gida, da lamba mai farawa da +234. Wasu manhajojin ba da rance a Najeriya suna kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi, su riƙa aika wa danginsa saƙon cin mutunci, kuma ɗan'uwan da ke Saudiyya yana iya zama abin harinsu, tun da ana ganin duk wanda ke ƙasa mai tsarki yana da riyal. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta fitar da ƙa'idojin rajistar irin waɗannan kamfanoni a 2022, kuma tana karɓar ƙorafi a kansu. Kasancewar lambarka a wayar wani ba ta mayar da kai mai tsaya masa ba. Ka kira ɗan'uwan naka ka ji gaskiyar magana daga bakinsa, in ka ga dama ka taimaka masa ta hannunsa, su kuwa ka adana hoton saƙonninsu ka toshe su.

Wanda kuma ya riga ya faɗa tarkon, ya ba da lambar tabbatarwa ko ya amince da buƙatar Nafath ko ya tura kuɗi, kada ya ɓata lokaci wajen zargin kansa. Ya fara kiran bankinsa nan take ta lambar da ke bayan kati, ya nemi a dakatar da katin da hidimar intanet ta asusun, ya kuma shigar da rahoton zamba ya karɓi lambarsa, domin damar tsayar da kuɗin tana raguwa da kowace sa'a. Daga nan ya canza kalmar shiga Absher da ta manhajar banki, ya kai rahoto ta Kulluna Amn, ya duba Arqami ko an fitar da sabon layi da sunansa. A makonnin da za su biyo baya ya riƙa leƙa Molim da Najiz, saboda rancen da aka karɓa da sunan mutum ba ya bayyana a ranar, kuma lambar rahoton da ya shigar tun farko ita ce zai nuna wa banki ko alƙali idan an zo neman sa da bashin.